Tun Ran Gini Ran Zane: Kare Harsashin Gida Daga Ruwa



Duk wanda ya ratsa lungunan Kano ko Zariya ko Maraɗi bayan ɗaukewar damina, ya sunkuyar da kai ya dubi gindin katangu, abu ɗaya zai yi ta gani. Daga ƙasa zuwa gwiwa, wani wurin har ƙugu, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Farin garin nan da mutane ke kira kanwa ko gishiri ya feso a kan filasta, in ka shafa ya biyo hannunka, in ka ƙwanƙwasa ka ji ta rabu da bulo tana amsawa. A cikin ɗaki kuwa, matsar da kwaba ka ga bayanta ya yi baƙi da funfuna, ɗaga ledar tsakar ɗaki ka ji warin laima. Mai gida zai ce mai fenti ne ya cuce shi, mai fenti ya ce filasta ce ba ta da siminti, mai filasta ya ce bulo ne. A mafi yawan lokaci laifin ya girmi su ukun, yana can cikin ramin da aka rufe tun kafin a kira su aiki. Abin da nake son kafawa a yau shi ne: kare harsashi daga ruwa ba wani magani ba ne da ake saye a shago a shafa wa bango bayan ya fara ciwo. Aiki ne da ake yi bi da bi, a fara da nisanta ruwa daga gida, sannan a datse masa hanyar hawa, sannan a shafe abin da ya rage. Kuma kusan duk wannan aikin yana da lokaci guda ne tak, wato 'yan kwanakin da ramin harsashi yake buɗe.

Sai mun san yadda ruwa ke shiga kafin mu san inda za mu tare shi. Akwai ruwan sama da ke zubowa daga rufi ya kwanta a gindin bango, ko ya fantsama ya jiƙa shi. Akwai ruwan da ke taruwa cikin ƙasa ya danno bangon da ke binne, kuma ƙarfinsa ba kaɗan ba ne: inda ruwa ya kai zurfin mita 1, nauyin da yake dannawa da shi a kan kowace murabba'in mita ya kai tan guda. Na uku shi ne mafi ɓoyo, wato danshin da bango ke tsotsa daga ƙasa. Bulo da filasta da kankare cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana bin su ya hau sama yadda kananzir ke bin lagwanin fitila. Yakan tsaya a wajen mita 1, wani lokaci ya ɗan ɗara, a daidai inda abin da iska ke busarwa ya yi daidai da abin da ƙasa ke turowa. Ruwan ƙasa kuma ba shi kaɗai yake hawa ba, yana ɗauke da gishirin da ya narke a cikinsa, daga ƙasar kanta, daga masai, daga fitsarin dabbobin da aka ɗaure a jikin katanga. Ruwan ya bushe ya tafi, gishirin ya zauna. Yana daskarewa cikin waɗannan ƙofofi yana neman wuri, sai ya tsattsage su ta ciki, filasta ta zama gari. Shi ya sa ɓarnar ta fi bayyana da hunturu da bazara, lokacin da iska ke busar da bango da sauri, har mutane su ɗauka ba ruwan damina da ita.

A nan ne za a ce mini, Malam, ƙasarmu ai busasshiya ce, wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, wannan damuwar mutanen Legas da Fatakwal ce. Mu yi lissafi. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Gida mai rufin murabba'in mita 150, a garin da ke samun milimita 800 a shekara, rufinsa kaɗai yana zubar da lita 120,000, kuma ba a shimfiɗe cikin wata goma sha biyu ba, galibinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta ta fi kowane wata. Idan babu hanyar da aka yi masa, duk wannan ruwan a gindin bango yake ƙarewa. Sannan ƙasa busasshiya ba ta hana ruwan ƙarƙashi hawa. Da wuya a sami wurin da ya kai kudancin Masar ƙarancin ruwan sama, amma gine-ginen Fir'aunoni na Luksor da Karnak, waɗanda suka yi shekaru sama da 3,000 a tsaye, gishiri ya kama cin gindinsu bayan an kammala madatsar ruwa ta Aswan a 1970 noman rani ya koma na duk shekara, har sai da aka kewaye su da magudanu da injunan janye ruwan ƙasa. Tsofaffin masallatan Alƙahira ma sun sha irin wannan daga yoyon bututun famfo da na bahaya. Kusa da mu, a kudu maso yammacin Nijar wajen Yamai, awon rijiyoyi ya nuna ruwan ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka yi a tsakani, saboda sare daji ya sa ruwa yana gangarawa tafkuna ya nitse. A biranenmu kuwa da hannunmu muke ɗura wa ƙasa ruwa: kowane gida da sokawe, da bututun da ke yoyo, da kwatar da ta toshe da leda, ga kududdufan da dā suke karɓar ruwan unguwa an cike su da shara an yanka filaye. Wanda ya yi gini a kan tsohon kududdufi bai kamata ya yi mamaki ba idan ruwa ya dawo neman wurinsa.

Saboda haka kariya ta farko, wadda ta fi arha kuma ta fi ƙarfi, ita ce kada ruwan ya iso. Tana farawa tun daga sayen fili. Fili da damina ake duba shi, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, a ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi, a leƙa rijiyar maƙwabta a ga zurfinta a watan Agusta. Daga nan sai tsayin daɓe. Dole daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tsawo, tsakar gida ta fi bakin kwatar titi, kuma a yi la'akari da cewa ran da aka zo yin kwalta titin zai ƙara tashi. Unguwanni nawa ne yau ake gangarawa kafin a shiga gida, domin titi ya hau ya bar su a rami? Ƙasar da ke kewaye da gini ta gangara waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. A yi wa gindin bango daɓen kankare mai faɗin kamar mita 1, shi ma mai gangara, kuma a riƙa toshe tsagar da ke buɗewa tsakaninsa da bango, don in ta buɗe ta nan ruwa zai riƙa tsiyaya kai tsaye zuwa harsashi. Ruwan indararo a kama shi da bututu zuwa kwata ko tanki. Sokawe ya yi nesa da gini da aƙalla mita 5, abin da ƙanƙantar filayenmu ke wahalarwa, amma wahalarsa ba ta soke dalilinsa ba. Inda ƙasa ke riƙe ruwa, a binne bututu mai huji-huji cikin tsakuwa a gefen harsashi, da sharaɗin yana da inda zai zubar, in ba haka ba an haƙa wa ruwa masauki ne a jikin gida. Wannan mataki ya fi zama wajibi a kan baƙar lakar nan da mutanen Borno ke kira firgi, irin ta Dikwa da Marte da Ngala, wadda ake samu har wajen Numan. Tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in ta bushe, ta ɗaga gini ta sauke shi kowace shekara har bango ya tsage. A irin wannan ƙasa ba laima kaɗai ake gudu ba, ana son danshin da ke ƙarƙashin gini ya zauna a hali ɗaya, kuma a nemi injiniya kafin a sa diga.

Mataki na biyu shi ne datse hanyar tsotso. Ana shimfiɗa wani abu da ruwa ba ya ratsawa, kwali mai kwalta ko leda mai kauri, a kan jerin bulo, faɗin bangon gaba ɗaya, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje domin fantsamar ruwa kada ta tsallake shi. Wannan shi ne DPC. A Ingila tun cikin shekarun 1870 dokokin gini suka fara tilasta shi, a lokacin da fallayen dutse suke yi. A wurinmu za ka ji an ce gini ya kai DPC, a karɓi kuɗin wannan mataki, alhali abin da aka yi kawai an zuba kankaren daɓe, babu wata shimfiɗa a ƙarƙashinsa ko a cikin bango. Yadda ya kamata a yi shi ne, bayan an yi ciko hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15 ana jiƙawa ana dannewa, a baza yashi mai laushi don kada tsinin tsakuwa ya huda leda. Ledar ta zama mai kauri, wajen kashi uku cikin goma na milimita, ba irin wadda ake rufe buhuna da ita a kasuwa ba. Inda falle biyu suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya da aƙalla santimita 15 a manne da salatif, gefenta kuma ya naɗo sama ya haɗu da shimfiɗar da ke cikin bango, su zama abu ɗaya. A bakin kowane bututu da ya ratso ta, a ɗaure a manne. Sannan a tsaya a kai ranar zuba kankare, domin a ranar ake ɓata ta: lebura ya turo baro a kanta ba tare da an shimfiɗa katako ba, wani ya dangwarar da kwanon sarki, bakin rodi ya kafce ta, kafin a farga kankare ya rufe komai. Aikin bai fi na yini ɗaya ba, amma duk rayuwar gidan babu wata rana da za a sake samun damar yinsa cikin sauƙi.

Magina da yawa, kuma cikinsu akwai ƙwararru da nake girmamawa, suna cewa kankare ai dutse ne, in an sa siminti sosai ba ya bukatar leda. Akwai gaskiya a ciki, sai dai tana da sharuɗɗan da ba kasafai ake cika su ba. Abin da ke sa kankare ya toshe shi ne ƙarancin ruwan kwaɓi. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da kamar lita 25 ba, har da ruwan da ke jikin yashi. Amma da yake kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin ɗiba da shebur, sai a saki tiyo. Ruwan da ya yi rara zai bushe ya bar hanyoyi a jikin kankaren, ta nan danshi zai bi daga baya. Dole kuma a girgiza shi ya zauna ba kogo, a ba shi ruwa aƙalla kwana 7, domin a zafin Afrilu kankaren da aka bari ya bushe a rana bai gama nuna ba, sai ya tsattsage. Ko an cika duk wannan, siminti ba ya miƙewa: ƙasa ta ɗan motsa, ya yi tsaga siririya, ruwa ya samu ƙofa. Hodar hana ruwa da ake zubawa a kwaɓi tana taimakon kankare mai kyau, ba ta gyara maras kyau, ba ta kuma ɗinke tsaga. Abin tsoron ma ba fenti ba ne. Idan danshi da gishiri suka kai ga rodi, tsatsa tana cin wurin da ya ninka na ƙarfen sau da yawa, sai ta fasa kankaren daga ciki, ginshiƙi ya raunana tun daga tushe. Don haka ake son kaurin kankare na kamar santimita 5 tsakanin rodin harsashi da ƙasa, a cike ramukan bulon da ke binne da kankare, a yi masa filasta ta waje, a shafa kwalta sau biyu, na farko ya bushe kafin na biyu, a kare ta da wani abu kafin a tura ciko don kada duwatsu su kankare ta. Ta waje ake shafawa, ɓangaren da ruwa yake. Wanda ke da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko tankin ruwa a binne, shafe kaɗai ba zai ishe shi ba, sai shimfiɗa mai kauri da aka tsara don ɗaukar dannawar ruwa.

Wani kuma zai ce kakanninmu ba su san leda ko kwalta ba, ga Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina da masallacin Agadas suna tsaye. Wannan hujja a wurina goyon baya ce. Maginan dā sun san ruwa fiye da yadda muke zato. Sun fi son tudu. Suna faɗaɗa gindin bango ya tsuke zuwa sama. Suna sa indararo mai tsawo ya jefa ruwa nesa, dakalin ƙofar gida kuma bayan wurin zama yana tare fantsama. Suna da makuba daga kwasfar ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya zama kududdufi mai karɓar ruwan unguwa. Uwa uba, kowace shekara kafin damina ana sabunta yaɓe. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi, muddin ba a toshe masa fuska ba. Mu ne muka ɗauki siminti muka yar da wannan tarbiyya, ba mu kuma ɗauki tarbiyyar da siminti ke bukata ba. Mafi muni shi ne lulluɓe tsohon ginin ƙasa da filastar siminti: danshi ya hau ya rasa mafita, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, fuska tana sheƙi, har ranar da za ta zube gaba ɗaya. Kuma ginin ƙasa, komai darajarsa, yana da iyakar ruwan da zai iya ɗauka. Tsohon masallacin Damagaram ya rushe a watan Satumba na 2024 bayan ruwan sama mai yawa, abin da ya kamata ya sa duk mai kula da irin waɗannan gine-gine ya fara duba inda ruwan kewayensu ke bi.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta gaskiya a zuciyar mai gini. Mutum yana tara albashi ko ribar kasuwa yana aza bulo ɗari yau, ɗari bayan wata uku, dole ya so abin da zai gani da idonsa. Ban raina wannan ba. Amma a dubi abin da ake nema: gangara aikin shebur ce, rage ruwan kwaɓi ba a biya, leda da kwalta ba su kai kuɗin ƙofar ƙarfe mai ado ko tayil ɗin falo ba, kuma ƙofa da tayil suna iya jira shekara biyu, harsashi ba ya jira. Wanda ya ce zai gyara daga baya, ya san me gyaran ya ƙunsa: a fasa daɓe, a tone gefen gini, a yanka bango gaɓa-gaɓa a cusa shimfiɗa, ko a huda shi a ɗura magani, iyali suna ciki. Da yake wannan da tsada, abin da aka saba yi shi ne a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu. Tayil ba ya hana tsotso, bushewa yake hanawa, sai danshin ya ƙara hawa ya ɓullo a samansa ko ya juya cikin ɗaki. A lissafa kuma da abin da ba a rubutawa a takardar ɗan kwangila: gara tana son danshi, kayan ɗakin amarya suna ruɓewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2009 ta danganta zama cikin laima da funfuna da ƙaruwar asma da cututtukan numfashi. Yara da tsofaffi, waɗanda suka fi kowa daɗewa a ɗaki, su ne suka fi shaƙa.

Akwai wani ƙorafi daga masana kansu da ya cancanci a saurara. Suna cewa ana yawan ɗora wa tsotson ƙasa laifin da ba nasa ba, a sayar wa mutane magani mai tsada alhali bututun banɗaki ne ke yoyo, ko an tara ƙasa da fulawa a jikin bango har sun haura shimfiɗar. Haka ne, kuma shi ya sa mai tsohon gida ya kamata ya bi tsarin nan daga farkonsa. Ya rufe duk famfuna ya ga ko mita na juyawa ko tanki na raguwa, ya fita cikin ruwan sama ya ga inda indararo ke zuba, ya kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango, ya gyara gangara, sannan ya ba bangon rani guda ya bushe. Gidaje da yawa a nan ciwonsu zai tsaya. Wanda bai tsaya ba ne za a kankare filastar da gishiri ya ci, har sama da inda alamar ta kai, a yi maganar yanka bango.

Ba zan ce wannan zai tare ambaliya ba. Ruwan da ya shiga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ko wanda ya mamaye ƙasar Haɗeja a 2022, ba leda ko kwalta da za su tsayar da shi, wannan nauyin hukuma ne na madatsu da magudanu da hana gini a hanyar ruwa. Ko a gida ɗaya ma akwai iyaka, domin ruwan da ka kora daga gindin bangonka in ba kwatar da za ta karɓe shi, gindin bangon maƙwabcinka zai je, shi ma ya ɗaga nasa daɓen ya maido maka. Magudanar lungu aikin gayya ce, kuma mai unguwa yana da ta cewa a kanta. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, akwai hukumomin tsara birane a jihohi, akwai COREN mai rajistar injiniyoyi da CORBON mai rajistar magina. Amma amincewa da zane a ofis ba ta shimfiɗa leda a rami. Abin da nake roƙon hukumomin nan shi ne su sa ziyarar dole guda ɗaya kafin a rufe harsashi. Kafin su yi, mai gini yana iya yi wa kansa: ya rubuta cikin yarjejeniya cewa kuɗin wannan mataki ba zai fita ba sai ya ga kwalta a jikin bulo, ya ga leda da haɗinta, ya ɗauki hoto da wayarsa. Wanda yake aiko da kuɗi daga Legas ko Kumasi ko Jidda ana yi masa gini a gida, ya nemi a turo masa hoton ramin kafin ciko, da hoton ledar a safiyar da za a zuba kankare, ya kuma wakilta wanda zai tsaya har a gama zubawa.